Wa ake gina wa gidajen gwamnati a Abuja?

In har gwamnati na gina gidaje kamar yadda ake ji kullum a rediyo, me ya sa har yanzu ba a daina shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gada da barandar shaguna ba? Wannan tambayar ta daɗe tana yawo a teburin mai shayi da cikin motocin Nyanya, amma ta ƙara ƙarfi a 2024. A watan Fabrairu na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana. A watan Oktoba Ministan Abuja Nyesom Wike ya ba mabarata wa'adin barin titunan birnin, aka shiga kame. Ba a jima ba katafila ta shiga Ruga, unguwar bacoci da ke kusa da Wuye. Mutane da yawa sun ɗauka aiki ɗaya ne da hannu biyu, wannan na sharewa, wancan na ginawa. Amma wanda aka kora daga Ruga da wanda zai karɓi mukulli a Karsana ba su taɓa tsayawa a layi ɗaya ba, kuma a nan gizo ke saƙar.

“Ba shi da gida” magana ce mai fuska uku

Idan aka ce mutum ba shi da gida a Abuja, sai an tambaya wane iri.

Akwai wanda ba shi da wurin kwana ko kaɗan. Shi ne ɗan ci-ranin da ke jiran a tashi daga kasuwa ya kwanta a kan tebur, da ɗan bola-jarin da ke kwana kusa da amalankensa, da mai taɓin hankalin da danginsa suka rasa inda yake, da yaron da ya tsere daga gida. Su ne ido ke gani, amma ba su ne suka fi yawa ba.

Akwai wanda yake da rufi a kansa amma ba shi da tabbas. Wannan rukunin ya fi kowanne girma, kuma shi aka fi mantawa da shi. A ciki akwai mazauna bacocin langa-langa da buhu, da iyalan da ke cikin kangwaye, da masu ɗaki a Mpape ko Gishiri waɗanda suka sayi fili a hannun mai unguwa, takardarsu ba ta da daraja a idon hukuma. Akwai 'yan gudun hijirar Durumi da Kuchingoro da Wassa, da yawansu mutanen Gwoza da suka baro gida tun 2014, yaran da aka haifa a sansanin yanzu sun isa shiga sakandare. Na san wani dattijo mai gadin kango a wata unguwa, yana zaune da matarsa da 'ya'ya huɗu a ɗakin da ba ƙofa sai labule. Na taɓa ce masa, Baba, yaushe za ka nemi wurin kanka? Ya ce ai shi addu'arsa kada Allah ya hore wa Alhaji kuɗin ƙarasa ginin da wuri, don ranar da aka kawo kwanon rufi ranar zamansa ya ƙare. Mutumin kirki ne, ba mugun fata yake wa kowa ba. Hali ne ya kai shi nan.

Sai na uku, mai albashi da ke haya a Kubwa ko Lugbe, yana biya a kan kari, burinsa ya mallaki nasa. Shi ma damuwarsa ta gaskiya ce. Sai dai kusan duk shirin gidaje da gwamnatin tarayya ta taɓa fitowa da shi wannan na ukun yake kallo. Na farko da na biyu kuwa, abin da suka fi saduwa da shi daga hukuma shi ne motar kame da jan fenti a bango.

Har alƙaluman da ake jifa da su ba su rarrabe waɗannan ba. An daɗe ana cewa Najeriya na da giɓin gidaje miliyan 17, wasu su ce 20, wasu 28. Babatunde Fashola, lokacin yana ministan ayyuka da gidaje, ya sha cewa miliyan 17 ɗin ba ta da tushe. Rabon ƙasar da ƙidaya tun 2006. Wanda bai ƙirga masu kwana a waje ba, ta yaya zai yi musu kasafi?

Gida mai rangwame daban, gidan tallafi daban

Gida mai rangwame na sayarwa ne. Gwamnati ta bayar da fili kyauta ko ta yi titi da magudanar ruwa, farashi ya ɗan sauko, mai iko ya saya. Daga ranar da aka miƙa mukulli gidan ya fita daga hannun jama'a, ya zama dukiyar mutum ɗaya. Yana iya sayarwa, yana iya zuba 'yan haya a farashin kasuwa.

Gidan tallafi kuwa, a yadda aka san shi a ƙasashen da suka daɗe da tsarin, yawanci na haya ne. Hukuma ko wata ƙungiya da ba riba take nema ba ita ke riƙe da shi. Ana ba mutum saboda buƙatarsa, ba saboda nauyin aljihunsa ba, ana yanka masa haya daidai ƙarfinsa, kuma ba a tashinsa haka kawai. In ya samu buɗi ya tashi, wani mabuƙaci ya shiga. Ɗaki ɗaya sai ya rufa wa iyalai biyar asiri a cikin shekara arba'in.

Irin wannan na biyun ne kusan babu shi a Abuja, kuma shi ne kaɗai zai iya kaiwa ga mai gadin kangon nan.

A yi lissafi da mafi ƙarancin albashi

A watan Yulin 2024 aka sa hannu a dokar da ta kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000. A shekara ya kama 840,000. Ahmed Musa Dangiwa, a matsayinsa na ministan gidaje a 2024, ya bayyana cewa gida mai ɗaki ɗaya a rukunan da aka gina da kuɗin kasafi a jihohi yana kamawa tsakanin naira miliyan 8 zuwa 9, amma irinsa a Karsana, inda 'yan kasuwa suka zuba kuɗinsu, ya kai wajen miliyan 22. Dalilin bambancin a fili yake: ɗan kasuwa bashin banki ya ci da ruwa mai tsada, kuma dole ya fitar da riba.

To mai 70,000, in bai ci ba, bai sha ba, bai hau mota ba, sai ya tara albashin fiye da shekara 9 kafin ya kai miliyan 8. Na Karsana kuwa shekara 26.

Za a ce ai ba lakadan ake nufi ba, akwai lamuni. Gaskiya ne. Tun 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ma'aikata suka fi sani da NHF, inda ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi ana tarawa a Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Mai zubi yana iya neman bashi da ruwan kashi 6 cikin ɗari, ya biya har tsawon shekara 30. Babu bankin kasuwa da zai ba ka wannan sauƙin. Amma bashin miliyan 8 a kan waɗannan sharuɗɗan yana nufin biyan kusan naira 48,000 duk wata, wato kashi biyu cikin uku na albashin. Na miliyan 22 ya haura 130,000 a wata, ya kusa ninka albashin gaba ɗaya. Ƙa'idar masu ba da lamuni kuwa ita ce kada biyan ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ke samu.

Wannan fa ga mai takardar albashi ke nan. Mai tura ruwa, da mai wankin hula, da mai sayar da rake a bakin titi, da matar da ke tuya awara, ba su da takardar da za su nuna, ba su da ofishin da zai tsaya musu. Ga masu gudun riba saboda addini, waɗanda suke da yawa a cikin al'ummarmu, su ma sai an samar musu hanyar da ba ruwa a ciki kafin su matso. Ga siminti da ya haura naira 10,000 kan buhu a farkon 2024, wanda ya sa ko mai fili ya dakata da gini.

Haya ma, wadda ita ce mafakar talaka, a Abuja ƙofarta ƙunci gare ta. Kuɗin shekara ake nema a dunƙule, wani wurin shekara biyu, ga na dillali, ga na lauya, ga na ajiyar ɓarna. Mutumin da zai iya biyan 15,000 duk wata ba tare da fashi ba yana iya ƙarewa a baca don kawai ba zai iya haɗa 250,000 a rana ɗaya ba. A 2022 an kawo ƙudiri a Majalisar Dattawa don rage karɓar hayar gaba a Abuja, amma har yau mai neman ɗaki kuɗin shekara ake tambayarsa.

Birnin da aka zana ba tare da ɗakin lebura ba

Ruwa ba ya tsami banza. An ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya da doka ta 6 ta 1976 a zamanin Janar Murtala Muhammad, aka kammala taswirarsa a 1979, gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba 1991. Taswirar ta tanadi unguwannin ma'aikata daki-daki. Waɗanda suka zo ɗaukar bulo da kwaɓa siminti kuwa aka yi musu sansani a Nyanya, da tunanin in aiki ya ƙare za su koma garuruwansu. Ba su koma ba, don birni ba ya gama ginuwa, kuma kowane babban gida a Maitama yana buƙatar direba da mai gadi da mai aiki da mai kawo ruwa. Da wuri ya ƙure, jama'a suka malala zuwa Mararaba da Masaka a Nasarawa, da Suleja da Madalla a Neja. Cunkoson da ake sha kowace safiya a hanyar Keffi matsalar gidaje ce ta fito a kan kwalta.

Sai batun fili. A jihohi Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa fili a hannun gwamna, ta bar wa ƙananan hukumomi ikon bayar da na karkara. A Abuja duk ƙasar ta gwamnatin tarayya ce, minista ne kaɗai ke bayar da takardar mallaka. Saboda haka cinikin da mutum ya yi da dagaci ko magajin gona, ko da shaidu goma, ba ya kare shi ranar da aka zo. Su kansu Gbagyi da sauran 'yan asalin yankin, waɗanda aka yi alkawarin sake wa matsuguni tun farko, da yawansu har yanzu suna zaune a ƙauyukan kakanninsu a tsakiyar birni cikin rashin tabbas. A ƙauyukan nan ne talakan da ya zo daga Kano ko Katsina ko Filato ke samun ɗaki mai araha, don haka rusau ɗaya kan haɗa ɗan gari da baƙo.

Gwamnatoci sun gina, ba a ce ba su gina ba. Hukumar Gidaje ta Tarayya tana nan tun 1973. Shehu Shagari ya ɗauki alkawarin gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, har yau akwai unguwannin da ake kira da sunansa, ko da yake rigimar fili da gwamnonin adawa ta sa an kai wasu bayan gari inda ba ruwa ba wuta. Gwarinpa ta zamanin Abacha tana cikin manyan rukunan gidaje a Afirka ta Yamma. Amma je ka tambayi kuɗin haya a Gwarinpa yau.

Abin da ya fi sauya fuskar birnin, a ganina, ya faru ne tsakanin 2003 da 2007. A lokacin ne gwamnatin Obasanjo ta daina ba ma'aikata gida, ta koma biyansu alawus da kuɗi, ta sayar da dubban gidajenta na Abuja. Waɗanda suka saya sun amfana ƙwarai, kuma ba laifinsu ba ne. Sai dai gidajen da sabon ma'aikaci zai gada daga mai ritaya sun tafi ke nan. A daidai wannan lokacin, ƙarƙashin Nasiru el-Rufa'i a matsayin minista, aka rushe unguwanni irin su Idu da Karmo da sunan maido da taswira. Wata ƙungiyar kare haƙƙin matsuguni da ke Geneva ta ƙiyasta cewa mutane kusan 800,000 abin ya shafa. An rage gidajen hukuma, an rage ɗakunan talaka, aka miƙa manyan filaye ga kamfanoni su gina na sayarwa. Sakamakon shi ne abin da kowa ke gani in ya bi ta Guzape ko Katampe da dare: jerin gidaje a kulle ba fitila. A Disambar 2024 kotu ta mallaka wa gwamnati wani rukuni a Lokogoma mai gidaje 753, wanda hukumar EFCC ta ce da kuɗin haram aka gina shi. Rukuni ɗaya ke nan.

Kame da rusau: abin da kowane ɓangare ke cewa

Hujjar hukuma ba ta banza ba ce, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Akwai 'yan fashin motar haya da ke addabar fasinjoji, akwai masu sace murafun magudanar ruwa da wayoyin fitilun titi, kuma jami'an tsaro na cewa wasunsu a bacoci da kangwaye suke fakewa. Akwai gine-ginen da aka dasa a kan hanyar ruwa. Ambaliyar rukunin Trademore a Lugbe a 2023 ta nuna abin da hakan ke jawowa. Babban birni kuma dole ya kasance da tsari.

Masu suka suna cewa, to ina aka ce su je? Wanda aka rushe wa baca da safe ba ya ɓacewa. Da yamma yana ƙarƙashin gada, bayan mako biyu ya kafa wata bacar a wani lungu, ya yi asarar katifa da tukunya, yaransa sun bar makaranta. Rusau da ba a tanadi madadi ba yana ɗauko mutum daga rukuni na biyu ya jefa shi rukuni na farko. Mabaratan da ake kamawa kuma akan kai su cibiyar gyaran hali da ke Bwari, daga nan a mayar da su jihohinsu, kuma gwamnatoci da dama sun yi hakan a baya, mutanen suna dawowa, domin abin da ya koro su daga gida, yunwa ko 'yan bindiga, yana nan inda suka bar shi.

Akwai wani kuskure da ya kamata mu ma mu gyara a tsakaninmu. Bara da rashin matsuguni ba abu ɗaya ba ne. Da yawa daga masu lalurar da ke bara suna da ɗakunansu a Karmajiji, suna da sarakunansu da tsarinsu. Da yawa daga masu kwana a waje kuma ba su taɓa miƙa hannu ba, aikin ƙarfi suke yi daga asuba zuwa magariba. Idan aka haɗa su a mota ɗaya, an ci zarafin na biyun, kuma ba a warware matsalar na farkon ba.

Doka fa? Sashe na 16 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce gwamnati ta nufi samar wa kowane ɗan ƙasa matsuguni da ya dace. Amma yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiwatar da shi. A Afirka ta Kudu ba haka ba ne: haƙƙin matsuguni yana cikin abin da ake kai ƙara a kansa, kuma a shari'ar Grootboom ta 2000 kotun tsarin mulki ta ce shirin gidajen da bai tanadi komai ga waɗanda ke cikin matsanancin hali ba ya saɓa wa doka. Da wannan ma'aunin za a auna namu, da wuya ya tsallake. Wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin matsuguni a lokacin, Leilani Farha, da ta zo Najeriya a 2019, ta ba da shawarar a dakatar da korar mutane da ƙarfi, a kuma sa haraji a kan gidajen da aka bari a kulle.

Darasi biyu daga waje

Ƙasar Finland ta juya tsarin da aka saba. Da, sai mai kwana a titi ya daina shaye-shaye, ya samu aiki, sannan a ba shi ɗaki. Daga 2008 suka ce a fara ba shi ɗakin, da yarjejeniyar haya da sunansa, sannan a bi shi da magani da neman sana'a, domin wanda bai san inda zai kwana ba ba ya iya riƙe komai. Marasa gida sun sauko daga fiye da 18,000 a ƙarshen shekarun 1980 zuwa ƙasa da 4,000 a 2023. Finland ƙasa ce mai arziki, jama'arta ba su kai miliyan 6 ba, ba wanda zai ce a kwafo ta yadda take. Amma tsarin ya yi aiki ne saboda akwai ɗakunan haya a hannun birane da ƙungiyoyi, waɗanda za a iya bayarwa.

Ingila ta bi hanyar da ta fi kama da tamu. Daga 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba mazauna gidajen ƙananan hukumomi damar saye da rangwame. An sayar da kusan miliyan 2, ba a maye gurbinsu ba. Yau iyalai fiye da miliyan ɗaya ke layin jiran gidan tallafi, fiye da 100,000 kuma suna zaman wucin gadi da kuɗin hukuma.

Alkawarin gidaje 100 a kowace ƙaramar hukuma

Ma'aikatar gidaje ta sanar da shirin gina gidajen tallafi 100 a kowace ƙaramar hukuma 774, jimilla 77,400, tare da maganar kafa asusu na musamman. Wannan ya fi kusa da inda ɗakin ke yoyo, kuma ina fatan ya tabbata. Sai dai a 2020 ma an yi alkawarin gidaje 300,000 ga masu ƙaramin ƙarfi a cikin shirin farfaɗo da tattalin arziki bayan korona, kuma ba a ga abin da ya yi kusa da wannan adadin ba.

Ko da an gina duka, rabon ɗari-ɗari bai san inda jama'a suka taru ba. Abuja na da ƙananan hukumomi shida: Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da ta cikin birni. Rabonta 600 ke nan, kuma ƙaramar hukumar cikin birni, wadda ta ƙunshi Nyanya da Karu da Lugbe da Durumi da Gwagwa, ɗari za ta samu, daidai da ƙaramar hukumar da matasanta suka riga suka taho ci-rani nan ɗin.

Sauran tambayoyin su ne za su nuna ko shirin na talaka ne. Sayarwa za a yi ko haya? In haya ce, wata-wata za a karɓa, yadda mai samun yau da gobe zai iya? Wa zai rubuta sunaye, kuma za a manna su a fili ko za su bi ta hannun 'yan siyasa? Za a karɓi shaidar ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta Sarkin Hausawan unguwa a madadin takardar albashi? Sannan a ina za a gina? Mai gadin da ke aiki a Wuse in aka ba shi ɗaki a Kwali, kuɗin motar zuwa da dawowa zai cinye albashinsa kafin tsakiyar wata. Zai bar iyalinsa can, shi ya dawo barandar shagon da yake gadi, ya riƙa zuwa gida ran Asabar.